Kula da kai: mi anka yarda ka yi a gida, mi kuma sai asibiti?

Damanar da ta wuce ina zaune gidan Yaya a Mabera masu rabon maganin zazzaɓi sunka yi sallama, mata biyu da jaka da kati, sunka narka ƙwaya da ɗan ruwa a cokali anka ba autanta a gabansu, sannan sunka miƙa mata sauran ƙwaya biyu sunka ce ɗaya gobe ɗaya jibi. Suna fita ta dube ni ta ce, "Kai ɗan boko, yanzu ni na koma likita ke nan? Su sun yi kwana ɗaya sun bar mani biyu." Na ce Yaya ai haka tsarin yake, kuma ba a ƙofar gidanki anka ƙirƙiro shi ba, rubuce yake tun daga sama.

Sunan abin ga a takardun gwamnati kula da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundinta na farko a kai cikin watan Yuni na 2019, kuma abin da take nufi shi ne mutum da iyalinshi da jama'ar unguwarsu su iya tsare lafiyarsu, su kauce ma cuta, su iya zama da ciwon da ya riga ya kama su, ko da ma'aikacin lafiya a kusa ko babu. Najeriya na cikin ƙasashen da sunka yi saurin ɗauka, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta rubuta nata kundin na 2020 wanda ya fi karkata ga lafiyar mata masu ciki da haihuwa da tazarar haihuwa. To a nan sai a lura, wanga kundi ba doka ba ce irin wadda majalisa ke yi a ce wanda ya saɓa a kai shi kotu, jagora ne ga ma'aikata, yana gaya masu ga abin da za ku koya ma mutane su yi da hannunsu, ga kayan da za ku ba su su tafi gida da su, ga kuma inda dole su dawo gare ku. Dokar da ke da haƙora daban take, zan zo kanta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa kwana ƙauye. Jihar ga ta Sakkwato ƙananan hukumomi 23 gare ta da mazaɓu 244, manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu asibitin matakin farko aƙalla guda mai aiki, amma ko an samu, yaro ba ya jiran gari ya waye kafin zawo ya kama shi, kuma uwar da ke wani ƙauye bayan Gada ko Tangaza ita ce ke tare da shi ƙarfe biyu na dare ba malamin asibiti ba. Tun taron lafiya na duniya da anka yi a birnin Alma-Ata cikin 1978 anka ce lafiya matakin farko ba ta yiwuwa sai da hannun jama'a, nan gida kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya tura abin lokacin yana ministan lafiya, har anka kafa hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa a 1992. Don haka ba baƙon abu ba ne, suna ne kawai anka sake mashi.

Maganin da anka ba autan Yaya na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59, ana ba su wata-wata cikin damana don kada maleriya ta kama su, kwana uku a jere kowane zagaye. Ranar farko iri biyu ne a gaban mai rabo, rana ta biyu da ta uku iri ɗaya ne a hannun uwa. Kuskuren da na fi gani, uwa ta ga yaro lafiya lau yana wasa sai ta ce mi za a ɓata magani, ta ƙulle shi a bakin zane wai sai ran da jikinshi ya yi zafi. Alhali na riga-kafi ne, in anka sha rabi kariyar ba ta cika, kuma ran da zazzaɓin ya zo ba shi za a ba ba, gwajin jini za a yi tukuna a ba da wani.

Haka ruwan gishiri da suga na leda, wanda ake ce ma ORS. Leda guda a lita guda ta ruwa mai tsabta, wato fiya wata biyu masu rabin lita, amma a duba rubutun jikin ledar don akwai ƙanana na rabin lita, kuma abin da ya kai awa 24 a zubar a sake sabo. A haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya a rana ta biyu, nan ma mutane ke yankewa. Sai ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake koya ma iyaye mata su zagaya a damtsen yaro, kore lafiya, ruwan ɗorawa a kai shi a duba, ja kuwa wato ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, ranar nan asibiti ba gobe ba. Tef ɗin ba ya buƙatar karatu, tsohuwar da ba ta san bihim ba tana gane ja.

Ɓangaren mata kuwa mu Sakkwatawa mun riga kundin ma. Tun 2013 jihar ga ta fara raba ma masu ciki abu biyu har gida ta hannun matan unguwa da anka horar, ƙwayar miso guda uku da ake sha bayan jariri ya fito don rage zubar jini, da man shafawa a cibiya don kada ta ruɓe, maimakon toka da makilin da gashin tsumma da munka gada. Kowanne da sharaɗinshi mai ƙarfi: miso ba a shan ta da ciki, ba a shan ta ana naƙuda, sai an tabbatar ɗan ya fito kuma babu na biyu a ciki, shi kuma man cibiya ko kusa da ido kada ya je don yana makantarwa. Kuma ba a ba mace su don a ce mata ta haihu gida, an ba ta ne don in haihuwar ta riske ta gida kada ta zama hannu rabbana.

Akwai allurar tazarar haihuwa ta wata uku, Sayana Press, 'yar ƙarama da maganinta a jiki wadda mace ke yi ma kanta ƙarƙashin fatar ciki ko cinya. Ƙa'idar ita ce ma'aikaciya ta fara yi mata bayani, ta koya mata, ta yi ta farko a gabanta, sannan a ba ta ta tafi da wasu gida ta riƙa lissafin mako 13, wadda anka yi amfani da ita kuma a jefa a gwangwani mai murfi inda yara ba su kaiwa a mayar asibiti. Ko za a yi tazara ko ba za a yi ba wannan maganar mata da miji ce, ni dai tsarin nike faɗi. Gwajin ƙanjamau na gida ma ya shigo, ana goga ɗan tsinke a dasashi a jira minti 20, sai dai in ya nuna akwai ba a yanke hukunci da shi, dole a je a sake a asibiti.

Duba duk waɗanga misalai, kowanne daga hannun ma'aikaci ya faro kuma can yake komawa. Nan ne munka fi ruɗewa, don in ka ce ma mutum kula da kai abin da ke zo mashi shi ne kemis. Ni kaina na yi, wata shekara jikina ya yi zafi na tsaya wani kemis na ce a haɗo mani na ɗari biyar, yaron shagon ya ɓalli wannan ya ɓalli wancan, kafso ja da yalo biyu, fara huɗu, wata 'yar shuɗiya da har yau ban san sunanta ba, ya ƙulla a leda ya ce safe da dare. Bai tambaye ni ko ina shan wani magani ba, ni ma ban tambaye shi komai ba, kwana uku ina kwance sai da anka kai ni anka ɗebi jini. Wanga haɗi ba ya cikin kowane kundi. Masu kemis Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa ke ba su lasisi, kuma akwai jerin magungunan da anka yarda su sayar, sauran sai da takardar likita a babban shagon magani, allura da ƙarin ruwa a bayan kanta kuwa ba aikinsu ba ne sam. Kafson da ake sha biyu a bari shi ke koya ma ƙwayar cuta taurin kai, ran da ake buƙatarshi da gaske ya ƙi ci.

Yanzu dokar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Jonathan ya sa ma hannu, sashe na 23 ya wajabta ma ma'aikacin lafiya ya gaya maka halin da lafiyarka ke ciki, hanyoyin magani da ake da su, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, kuma da harshen da kake ji, a yi la'akari da ko kana karatu ko ba ka yi. A ganina wanga sashe shi ne ƙashin bayan kula da kai gaba ɗaya, don wanda anka miƙa ma leda anka ce "sha biyu-biyu, na gaba" ba a ba shi abin da zai kula da kanshi da shi ba. Mai hawan jini da ya sayi na'urar awo yana da haƙƙin a gaya mashi cewa daga 140 bisa 90 abin ya hau, ya riƙa rubutawa a littafi yana zuwa da shi, kuma ba a barin magani don an ji sauƙi. Sashe na 20 ya hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyu. Sashe na 11 kuma shi ya kafa asusun lafiya matakin farko, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, wanda sai a kasafin 2018 anka fara sa shi, daga cikinshi ake sayen magunguna da gyaran asibitocin mazaɓu da biya ma marasa ƙarfi inshora, a nan jihar ta hannun hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato SOCHEMA.

Abin da nike tsoro, kuma ba zan ɓoye ba, kada kalmar ga ta zama mafakar masu mulki, a ce ai an koya maku ku yi a gida alhali asibitin da za a koma babu ma'aikaci bayan la'asar. Tef ya nuna ja, uwa ta yi nata, in ta je ta tarar da kwaɗo a ƙofa ba ita ta gaza ba. Yaron da ya kasa shan nono ko yake amai da duk abin da anka ba shi, ko taune-taune, ko numfashi sama-sama, mai ciki da ta ga jini ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, waɗanga babu kundin da ya ce a zauna da su gida ko na awa ɗaya.

Washegari Yaya ta kira ni wai yaron ya amayar da ƙwayar tana ba shi, ko ta ba shi ta jibi. Na ce a'a, ki bar ta jibi a wurinta, ɗauki katin nan da sunka rubuta maki ki je asibitin unguwa ki ce ya yi amai kafin rabin awa, za su ba ki wata. Ta ce to bari ta sauke tukunya.