Ƙaramar kyamara da kyamara mai sauya gilashi

Kyamarorin ɗaukar hoto sun kasu gida biyu bisa yadda gilashinsu yake haɗe da jiki. Ƙaramar kyamara, wadda ake kuma kira kyamarar aljihu, gilashinta a manne yake, ba ya cirewa. Kyamara mai sauya gilashi kuwa tana da baki na ƙarfe a gabanta, inda ake murɗa gilashi a cire shi a ɗaura wani. Wannan gida na biyu ya ƙunshi DSLR, mai madubi a ciki, da kuma marar madubi. Ga wanda ke ɗaukar hoton iyali, bukukuwa da tafiye-tafiye ba don sana'a ba, zaɓin ya fi rataya a kan girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske, da yawan hasken da gilashi ke shigarwa, da nauyin da mutum zai yarda ya ɗauka.

Tarihi

Rabuwar ta girmi kyamarar dijital da kusan ƙarni guda. A 1888 George Eastman ya fitar da kyamarar Kodak a Amurka, akwati mai gilashi ɗaya da fim na hoto 100 a ciki. Idan fim ya ƙare, sai a mayar da kyamarar gaba ɗaya kamfani a birnin Rochester, a wanke hotunan a sake loda ta. Brownie ta biyo baya a 1900 bisa manufa ɗaya: mai ɗauka ya danna kawai, sauran aikin ba nasa ba ne.

Ɗaya reshen ya bunƙasa ne a Jamus. Leica ta farko, ƙirar Oskar Barnack, ta shiga kasuwa a 1925 da fim mai faɗin milimita 35, gilashinta a manne. A 1930 aka fitar da samfurin da ake warware masa gilashi. Kine Exakta, wadda kamfanin Ihagee ya ƙera a Dresden a 1936, ita aka fi ambatawa a matsayin SLR ta farko, wato kyamara mai madubi a ciki, mai fim na milimita 35, ko da yake wasu na ba wa kyamarar Sport ta Tarayyar Sobiyet wannan matsayi, kuma ana saɓani kan shekarar da ta fito. Nikon F ta 1959 ta kafa tsarin da ake bi har yau, wato jiki ɗaya da tarin gilasai da kayan haɗi da ke hawa baki ɗaya. Canon ta sauya bakinta zuwa EF a 1987, inda jiki da gilashi ke magana ta lantarki.

Ƙananan kyamarori ba su zauna baya ba. Rollei 35 ta 1966 da Olympus XA ta 1979 sun nuna cewa gilashi mai kyau na iya shiga aljihu. Konica C35 AF ta 1977 ita ce kyamara ta farko mai saita fokas da kanta da aka ƙera da yawa, kuma ƙarama ce. Haka aka yi a zamanin dijital: Steven Sasson ya haɗa samfurin gwaji a Kodak a 1975, sannan Casio QV-10 ta 1995 ta yaɗa allon duba hoto a bayan kyamara, shekaru huɗu kafin Nikon D1 mai sauya gilashi ta 1999.

Alƙaluman ƙungiyar CIPA ta masu ƙera kyamara a Japan sun nuna an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 a 2010, galibinsu ƙanana. Zuwa 2020 adadin ya faɗi ƙasa da miliyan 10, domin wayar salula ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori masu araha. Waɗanda suka tsira su ne masu abin da waya ba ta da shi. Fujifilm X100 ta 2011, Sony RX100 ta 2012 da Ricoh GR ta 2013 sun zo da babban sensa a ƙaramin jiki. A ɗaya ɓangaren, Panasonic Lumix G1 ta 2008 ta buɗe zamanin marasa madubi, Sony A7 ta biyo a 2013, Canon da Nikon suka fito da sababbin bakuna, RF da Z, a 2018. Cire madubi ya rage tazarar da ke tsakanin baki da sensa daga milimita 44 a EF zuwa 20 a RF na Canon, daga 46.5 a tsohon bakin F zuwa 16 a Z na Nikon. Jiki ya sirance, amma gilasan ba su ragu sosai ba.

Girman sensa

Sensa ita ce farantin da ke karɓar haske a madadin fim. Aikinta kamar na baho ne a ƙarƙashin ruwan sama: mai faɗi ya fi tara ruwa a lokaci ɗaya. Ƙaramar kyamara mai araha tana da sensa da ake kira 1/2.3, mai milimita 6.17 a 4.55, kusan murabba'in milimita 28. Wadda ake kira inci ɗaya tana da 13.2 a 8.8, wato 116. Sunan gado ne daga bututun kyamarar talabijin na da, domin daga kusurwa zuwa kusurwa ba ta wuce milimita 16 ba. Micro Four Thirds tana da 17.3 a 13, wato 225. APS-C kusan 23.5 a 15.6 ce, kimanin 367, ta Canon ta ɗan gaza haka. Cikakkiyar sensa mai girman fim tana da 36 a 24, wato 864, ninki 30 na mafi ƙanƙanta.

Da rana tsaka bambancin ba ya bayyana sosai, musamman idan a allon waya za a kalli hoton. A cikin ɗaki ko bayan faɗuwar rana ne yake fitowa. Kyamara tana ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske, don cike giɓin haske, ƙaramar sensa ta fara tsaki-tsaki tun daga ISO 400 ko 800, manhajar ciki ta goge su, ta haɗa da gashi da saƙar tufafi. APS-C ta zamani takan ba da hoto mai kyau a ISO 3200.

Adadin megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, ba ya nuna wannan bambanci. Ana samun megafiksel 20 a sensa 1/2.3, ana samun 20 a cikakkiya.

Gilashi da lissafinsa

Nan ne masu saye suka fi kuskure. Lamba biyu ke jikin kowane gilashi: tsawon fokas a milimita, wanda ke nuna faɗin abin da zai shiga hoto, da lambar f, wadda ke nuna faɗin kafar haske. Ƙaramar lambar f na nufin babbar kafa. Don a gwada kyamarori masu sensa daban-daban, sai a ninka lambobin biyu da ma'aunin sensar: 5.6 ga 1/2.3, 2.7 ga inci ɗaya, 2 ga Micro Four Thirds, 1.5 ko 1.6 ga APS-C. Sakamakon, wanda ke bisa ma'aunin cikakkiyar sensa, yana nuna faɗin hoto, da yadda baya zai dusashe, da jimillar hasken da sensa ke samu.

Gilashin da aka saba haɗawa da DSLR mai sensa APS-C a kwali shi ne 18-55 mai f/3.5-5.6. Idan aka ninka da 1.5, ya koma kusan 27-83 da f/5.3-8.4. Sony RX100 ta uku kuwa, mai sensa inci ɗaya, tana da gilashi daidai da 24-70 mai f/1.8-2.8, wanda ya koma f/4.9-7.6. Kusan kunnen doki ke nan, alhali ɗaya na shiga aljihu, ɗaya na buƙatar jaka. Wanda ya sayi kyamara mai sauya gilashi ya zauna kan gilashin kwali har abada ya ɗauki nauyi ba tare da cin moriyarsa ba.

Fifikon yana zuwa ne da gilashi na biyu. Gilashi marar zum na milimita 35 ko 50 mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki 10 na gilashin kwali a f/5.6. A ɗakin da gilashin kwali ke tilasta saurin ɗauka na 1/15 na daƙiƙa, inda yaro mai motsi zai fito a dagule, wannan zai ba da kusan 1/150 a ISO ɗaya. Shi ne kuma ke ware fuska daga baya. Haka nan gilashin nesa na 55-200 ko 70-300 ga wasanni da tsuntsaye, da gilashin kusa ga furanni da ƙwari. Gilasai sun fi jiki daɗewa, ana iya sauya jiki a riƙe su muddin bakin ɗaya ne. Na DSLR na hawa marar madubi ta hanyar zoben haɗi, amma na marar madubi ba ya hawa DSLR.

Gilashin da ke manne yana da nasa alheri. Tun da an ƙera shi don sensa ɗaya, ana iya matso da shi kusa da ita a rage girmansa. Yawancin ƙananan kyamarori suna da labulen haske, wato abin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka, a cikin gilashin, wanda ba ya yin ƙara sosai, kuma yana aiki da filashi a saurin 1/1000 ko fiye. Labulen kyamara mai sauya gilashi, idan da filashi ne, yakan tsaya a 1/200 ko 1/250.

Akwai kuma masu dogon zum da siffar DSLR amma gilashinsu a manne. Nikon P1000 ta 2018 tana kaiwa daidai da milimita 24 zuwa 3000, sai dai sensarta 1/2.3 ce, nauyinta kusan kilo 1.4. Da rana take aiki, kuma a ƙarshen zum tana son abin jingina.

Nauyi da batir

RX100 da Ricoh GR suna tsakanin giram 240 da kimanin 300. Jerin X100 ya kusa giram 500, ba ya shiga aljihun wando. Ƙaramar DSLR da gilashin kwali takan kai giram 650 zuwa 750, marar madubi ta APS-C ta gaza haka. A gwajin CIPA ƙananan kyamarori kan ɗauki hoto 200 zuwa 300 a caji ɗaya, marasa madubi sun ɗara haka, DSLR da yawa na haura 1,000 saboda maleƙarsu, inda ake sa ido a duba, ba ta cin wuta.

Matsaloli da gyara

Ƙura ita ce babbar matsalar mai sauya gilashi. Duk lokacin da aka buɗe baki tana iya sauka kan sensa, kuma marar madubi ta fi fuskantar haka domin sensarta a fili take. Ana gane ta ta hanyar ɗaukar hoton farin bango ko sararin sama a f/16: baƙaƙen ɗigo za su fito a wuri ɗaya a kowane hoto. Tun daga Olympus E-1 ta 2003 aka fara sa na'urar da ke girgiza ƙurar ta faɗi, amma ba ta cire wadda ta manne. Hanyar sauya gilashi ita ce a kashe kyamara, a tanadi sabon gilashin a kwance murfinsa na baya, a juya bakin ƙasa, a sauya cikin sauri. Wajen sharewa ana fara da famfon roba na hannu. Ba a hurawa da baki saboda yawu, ba a kuma amfani da iskar gwangwani. Idan ɗigon ya ƙi fita, sai sandar shara mai faɗin sensar da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwanta, a ja sau ɗaya daga gefe zuwa gefe.

Ana yawan ɗauka cewa ƙaramar kyamara ta tsira daga ƙura. Ba haka ba ne. Gilashin da ke fita da komawa yana zuƙar iska, da zaren aljihu a ciki, kuma idan ƙura ta kai sensa sai an warware kyamarar. Ƙwayar yashi ɗaya a haƙoran zum, ko bugu yayin da gilashin ke waje, na iya sa ya maƙale, kyamara ta ƙi kunnuwa. Tun da gilashi da jiki abu ɗaya ne, lalacewar ɗaya ta tsayar da duka. Banda a nan su ne masu jure ruwa irin jerin Tough na Olympus, da zum ɗinsu ke motsi a ciki, wasunsu na nutsewa har mita 15.

Fumfuna na kama gilashin kowane iri a wuri mai laima da duhu. Ajiya a akwati mai rufi da ƙullin busar da danshi, a laimar da ke tsakanin kashi 40 da 50 cikin 100, tana hana ta.

Saɓani

Masu ɗaukar hoto sun rabu kan ko gilashi ɗaya marar zum yana horar da ido ko yana takura shi. Haka kuma ana muhawara kan ko ƙaramar kyamara mai sensa 1/2.3 na da sauran amfani, tun da wayoyi da dama yanzu suna da sensa da ta fi ta girma, suna kuma haɗa hotuna da yawa su fitar da ɗaya. Dogon zum na gilashi shi ne abin da har yanzu take riƙe da shi.