Haƙƙin Manoman Karkara Kan Ƙasa da Manyan Gonakin Jari a Arewacin Najeriya

Haƙƙin manoman karkara kan ƙasa shi ne ikon da mazauna ƙauye suke da shi na noma, kiwo, ɗiban ruwa da cin amfanin itatuwa a filayen da suka gada ko suka saba amfani da su, haɗe da kariyar da doka ta tanadar musu idan gwamnati ko wani kamfani ya nemi filin. Maganar ta yi zafi a duniya bayan tsadar abinci ta 2007 zuwa 2008, lokacin da kamfanoni da gwamnatocin ƙasashen waje suka bazama neman manyan filaye a Afirka. A Madagaska, yarjejeniyar bai wa kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu hekta miliyan 1.3 tana cikin abubuwan da suka tunzura jama'a har gwamnatin Marc Ravalomanana ta faɗi a 2009. A Arewacin Najeriya kuwa matsalar ta girmi wannan guguwa nesa ba kusa ba.

Yadda ake riƙe ƙasa a al'ada

A ƙauyen Hausa gona tana shiga hannun mutum ta hanyar gado, saye, kyauta, aro, haya ko jingina, ko kuma ya sari daji da izinin dagaci. Maigida yana riƙe da gandu, ƙannensa da 'ya'yansa suna da gayauna. Shaidar mallaka ba takarda ba ce. Mai unguwa ne, da maƙwabtan gona, da jerin gamba ko wata tsohuwar kuka da kowa ya san ita ce iyaka.

Abin da baƙo bai cika lura da shi ba shi ne fili ɗaya yakan ɗauki haƙƙin mutane da yawa. Manomi yana da damina. Da ya kwashe amfani, makiyayi ya shigo da shanu su ci kara su bar masa taki. Mata suna tsintar ƙwarar kaɗanya su yi mai, su ɗebo ɗorawa su fitar da kalwa ta daddawa. Saura, wato gonar da aka bari ta huta, tana da mai ita ko da ta shekara biyar ba ta ga fartanya ba. Ga burtali, ga mashaya, ga fadamar da ake noman rani. Duk wannan ne jami'i yakan duba a taswira ya rubuta cewa fili ne da ba kowa a kai.

Abin da doka ta ce

Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka yi shelar cewa duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu, sai dokar amfani da ƙasa ta Maris 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, ta shimfiɗa tsarin a kan Najeriya baki ɗaya. Sashe na 1 ya danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake da shi izinin zama ne da amfani: ko wanda gwamna ya bayar da takardar shaida, galibi na shekara 99, ko na al'ada wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a karkara. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo sai da yardar gwamna, saboda haka duk wani babban ciniki a gidan gwamnati ake ƙulla shi. Sashe na 36 ya amince cewa wanda yake noma gonarsa kafin dokar ya ci gaba da riƙe ta ko ba shi da takarda.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 28 da na 29. Na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin kowa saboda maslahar jama'a, kuma a fassarar dokar bunƙasa tattalin arziki, masana'antu da noma duk suna cikin wannan maslaha. Na 29 ya ce diyya tana kan abin da mutum ya ɗora a bisa ƙasa ne, kamar gini, rijiya, shuka da itatuwa masu amfani, ban da ita kanta ƙasar. Manomin da aka zo auna gonarsa a watan Maris, bayan gero da dawa sun shiga rumbu, ba abin da ma'auni zai tarar sai kututturen kara da 'yan itatuwa. A kansu za a yi masa lissafi, alhali abin da ya rasa abincin gidansa ne na kowace shekara da gadon 'ya'yansa. Wanda yake noma da aro ko jingina, da makiyayi, da macen da ke tsintar kaɗanya, sau da yawa sunansu ma ba ya shiga rajistar masu karɓa.

Kotu ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba. A 1974, a shari'ar Ereku da gwamnan soja na Jihar Tsakiyar Yamma, Kotun Ƙoli ta rushe karɓe wani fili a Warri da aka miƙa wa kamfani mai zaman kansa, tana cewa wannan ba maslahar jama'a ba ce. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya wajabta biyan diyya cikin hanzari da damar zuwa kotu. Sai dai kuɗin lauya da shekarun da shari'ar fili ke ci sun fi ƙarfin yawancin ƙauyuka.

Bakolori

Misalin da ya fi kowane zafi a tarihin Arewa shi ne aikin madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, a yankin da yanzu yake Jihar Zamfara. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta tsakanin 1974 da 1978, kuma hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Tafkin ya shanye kimanin hekta 8,000, ya tashi mutane wajen 13,000 daga gidajensu a yankin Maradun, aka mayar da su tudun da bai kama ƙafar fadamarsu a albarka ba.

Su ma waɗanda gonakinsu ke cikin filin da aka tsara madatsar za ta yi wa ban-ruwa ba su tsira ba. An karɓi gonakinsu don a baje su a haƙa magudanai, aka sare itatuwa, aka share iyakoki, wasu suka yi damina fiye da ɗaya ba su shuka ko ƙwaya ba. Da aka zo mayar da gonaki sai rikici ya tashi kan wane ne mai ina, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Mutanen da ke ƙasan madatsar, waɗanda shinkafarsu da kamun kifinsu suka dogara da ambaliyar kowace shekara, sun ga fadamarsu ta ragu, ba kuma wanda ya lissafa su cikin masu asara. Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, Shehu Shagari yana shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa yana gwamnan Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan, ciki har da Birnin Tudu. Gwamnati ta bayar da adadin matattu 'yan gomomi. Masu bincike da mutanen yankin sun ce sun haura 300. Aikin na gwamnati ne, amma yadda aka bi da masu gonaki a can shi ne ya yi ta maimaituwa bayan da 'yan kasuwa suka karɓi fagen.

Zamanin kamfanoni

A Shonga ta Jihar Kwara, gwamnatin Bukola Saraki ta gayyato manoma fararen fata 13 daga Zimbabuwe wajen 2005, ta ba kowannensu hekta 1,000 haya ta shekara 25. A Gassol ta Jihar Taraba, an ƙulla yarjejeniya a 2012 da kamfanin Dominion Farms na Amurka kan hekta 30,000 don noman shinkafa, a filin da ƙananan manoma suka daɗe suna nomawa ƙarƙashin hukumar raya kogin Binuwai ta sama. Manoman sun koka cewa ba a shawarce su ba, kuma noman da aka yi alkawari bai kankama ba. A Jigawa, shirin bai wa wani kamfani na rukunin kamfanonin Lee hekta 12,000 don noman rake a yankin Gagarawa ya gamu da turjiyar manoma, wasunsu suka ƙi karɓar diyya.

Hujjar gwamnatoci ba ta wofi ba ce: Najeriya tana kashe maƙudan kuɗi wajen shigo da sukari da alkama, kuma injin sarrafa rake ba ya tsayuwa sai da fili mai faɗi kusa da shi. Akan yi alkawarin aiki, hanya, asibiti, da tsarin da manomi zai noma a gonarsa kamfani ya saya. Amma gonar da ake nomawa da tarakta ba ta ɗaukar ma'aikata gwargwadon mutanen da filin yake ciyarwa a da, kuma yawancin aikin na ɗan lokaci ne, lokacin shuka da yanka. Mafi muni shi ne idan kamfani ya gaza: izinin manoma an riga an soke shi, filin kuma yana hannun gwamnati, ko an jinginar da takardarsa a banki.

Yunƙurin gyara

A Mayun 2012 kwamitin samar da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wasu ƙa'idoji kan riƙon ƙasa, dazuzzuka da wuraren kamun kifi, waɗanda suka nemi a mutunta haƙƙin al'ada ko ba a rubuce yake ba, a kuma tuntuɓi jama'a kafin a sa hannu. Ƙa'idojin na ganin dama ne, ba sa ɗaure kowace gwamnati. Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya tun 1993: dokarta ta karkara ta ɗauki mallakar gado daidai da mallakar takarda, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, inda sarakuna, manoma da makiyaya suke zama tare.

A Najeriya dokar 1978 tana cikin dokokin da sashe na 315 na kundin tsarin mulki ya killace, don haka ba a taɓa ta sai da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, jihohin da gwamnoninsu ne ke cin moriyar ikon. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudirin rage wa gwamnoni iko a cinikin fili. Ya rasu a Mayun 2010 ƙudirin bai zama doka ba.