"Edibul gwal": me ake shafa wa kek ɗin biki da wannan suna?

Da wuya yanzu ka buɗe Instagram ko ka leƙa tallan masu kek na Katsina a WhatsApp ba ka ci karo da "edibul gwal" ba. Kek ɗin kamu da gwal, na dina da gwal, na suna da na saukar karatu duk da gwal, har 'yan ƙananan nan na kofin takarda da ake rabawa a walima sai an ɗiga musu. Wasu masu tallar ma sun ƙara gishiri, sai ka ji "zinare tsantsa, karat 24". Idan uwar amarya ta tambaya, "Hajiya, gwal ɗin nan ana ci kuwa?", amsar ba ta wuce "Edibul ne, Anti, kada ki damu." Daga nan magana ta ƙare.

Fassarar kalmar ba abin wahala ba ce, edibul na nufin abin da ake iya ci. Abin haushin shi ne kaya huɗu ne mabambanta suke yawo da wannan suna guda, kuma biyu daga cikinsu bai kamata su kusanci bakin mutum ba.

Akwai zinaren gaske. Matar da ta taɓa haɗa lefe ba ta buƙatar a koya mata karat, ta san 18 daban, 21 daban. Karat 24 shi ne tsantsa, 21 kashi 87.5 cikin ɗari ne zinare, 18 kuwa kashi 75, sauran duk wasu ƙarafa ne irin su jan ƙarfe da azurfa. Wanda ake sa wa abinci karat 22 zuwa 24 ne, kuma ɗan abin da ake surka shi da shi azurfa ce. Ruwan ciki ba ya cin zinare, yadda ya shiga haka yake fita. Tarayyar Turai ta ba shi lamba E175 a jerin abubuwan da ake ƙara wa abinci. Ba shi da ɗanɗano, ba shi da ƙamshi, ba ya ƙara jini balle ya gyara fata, duk abin da mai talla za ta ce. Ido kawai ake ciyarwa da shi.

Ana buga zinaren ne har ya zama falle mai kaurin wajen kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. Falle mai faɗin santimita 8 da tsawon 8 nauyinsa wajen miligiram 12 zuwa 15 ne, kuma ana sayar da shi a ɗan littafi mai falle 25, wato kusan sulusin giram. Ga lissafi mai sauƙi: a tambayi mai sayar da gwal nawa giram yake yau, a raba uku. Ƙasan kuɗin littafi ɗaya ke nan, tun ba a sa ladan bugu da kuɗin shigo da shi ba. Kek mai faɗin santimita 20 da tsayin 10, idan za a rufe gefensa kaf, falle 10 ne a lissafi, amma da yagewa da ɗora baki kan baki sai ya ci 12 zuwa 15. To idan aka ce ga kek hawa uku duk gwal tun daga sama har ƙasa a kan kuɗin kek na yau da kullum, ba sai an kira maƙerin zinare ba.

Fallen jabu yana nan birjik, kuma arha. Tagulla ce, jan ƙarfe wajen kashi 85 cikin ɗari da tutiya, an yi ta ne don ƙawata firam ɗin hoto da kujeru. Ta fi girma, yawanci santimita 14 ko 16, ta fi kauri, ana iya ɗaukarta da hannu ba ta lalace ba. Na gaske kuwa da an murza shi tsakanin yatsu biyu sai ya ɓace. Idan aka ɗiga wa na jabu ruwan lemun tsami aka bar shi ya kwana, zai dushe ko ya yi kore-kore. Zinare ba ya canza launi.

Mafi yawan gwal ɗin da ake gani a kek, musamman wanda aka shafa da buroshi, hodar ƙyalli ce da ke zuwa a 'yar roba mai giram 2 zuwa 5. Wadda aka yi don ci babu ko ƙwayar zinare a cikinta, kuma wannan ba laifi ba ne. Garin wani ma'adini ne mai walƙiya da ake kira maika, wanda aka lulluɓe da launin da aka yarda a sa wa abinci. A bayan robar za a ga lambobi irin su E555 da E172, wani lokaci da E171. Wannan na ƙarshen Tarayyar Turai ta hana sa shi a abinci tun 2022, ko da yake Amurka da Ingila ba su hana ba, shi ya sa sababbin hodoji da yawa suka cire shi. Kiran wannan hoda "karat 24" ƙarya ce, amma dai ba za ta kwantar da kowa a asibiti ba.

Wadda take kwantarwa ita ce 'yar'uwarta mai kama da ita sak, roba iri ɗaya, ƙyallinta ma ya fi ƙarfi, amma a jikinta an rubuta non-toxic. A nan ne kan masu kek da yawa ya kulle. Sun ɗauka tunda an ce "ba guba ba ce", to ana iya ci. Sabulun wanka ma ba guba ba ne idan ya taɓa jiki, amma babu mai sa shi a miya. Rubutun non-toxic ba ya nufin an gwada abin a matsayin abinci. Sau da yawa a ƙasansa da ƙananan haruffa za a ga for decoration only, wato don ado kawai, a cire kafin a ci.

Ga abin da wannan ruɗani ya jawo. A watan Oktoban 2018, a jihar Rod Ailand ta Amurka, yara shida suka kama amai da gudawa bayan sun ci kek ɗin zagayowar ranar haihuwa. An cakuɗa ayisin ɗin kek ɗin, wato haɗin sukarin da ake shafe shi da shi, da hodar gwal mai sirkin ja, wadda a jikin robarta aka rubuta non-toxic. Da aka kai ɗakin gwaji sai aka tarar garin jan ƙarfe ne, irin wanda masana'antu ke sa wa kayan shimfiɗar ƙasa don su yi ƙyalli. Yanka ɗaya na kek ɗin yana ɗauke da jan ƙarfe kusan miligiram 900, alhali abin da jikin babban mutum yake buƙata a rana bai kai miligiram ɗaya ba. A 2019 kuma, a jihar Mizuri, aka samu dalma ta yi yawa a jinin wani yaro ɗan shekara ɗaya. Da aka bi sawu sai aka gano wata hoda mai launin rawaya da aka shafa wa furannin kek ɗinsa a gida. Kashi 25 cikin ɗari na hodar dalma ce, ita ma da non-toxic ɗinta a jiki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ce ta wallafa labarin biyun a 2021.

Mu nan ba sai an yi mana bayanin dalma ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara sama da 400 a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ƙurar duwatsun zinare masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Sharrin dalma shi ne ba lallai ta sa amai a ranar ba. Taruwa take yi a jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu wanda zai tuna da kek ɗin da aka ci wata uku da suka wuce. Su wa suka fi wawar wurin da yake ƙyalli a jikin kek? Yara.

Hanyar rarrabewa ɗaya ce: a juya robar. Hodar ci dole ta zo da jerin abubuwan da aka haɗa ta da su, da kalmar edible a rubuce, da sunan kamfani da ranar lalacewa. Idan babu jerin nan, ba abinci ba ce, ko me mai shago ya rantse. Matsalarmu a nan ita ce kayan da ake sarowa da yawa sannan a ɗura su a ƙananan robobi marasa rubutu, ko daga Kano aka kawo su ko ta intanet aka yi oda. Irin wannan roba, a ganina, matsayinta ɗaya da fenti. Lambar NAFDAC idan akwai ta fi kwantar da hankali.

Sai maganar da masu koyarwa a YouTube suke wucewa a guje, mu kuwa ba za mu iya wucewa ba. Da me ake dama hodar? A ƙasashensu da giyar bodka suke damawa, domin barasa tana bushewa nan take ba ta jiƙa sukari. Wasu sukan ce a yi amfani da ruwan ƙamshin lemo na kwalba a madadinta, ba su san yawancin irinsa barasarsa ta fi ta bodkar yawa ba. Gwal ɗin feshi na gwangwani shi ma yawanci da barasa a ciki, a karanta za a ga ethanol. Gaskiya ne mafi yawanta tana tashi a iska. Hukuncin abin da ya rage na malamai ne, amma mai sayen kek tana da haƙƙin a faɗa mata, ba a rufe ta da "edibul ne" ba.

Ana iya kauce wa barasar gaba ɗaya. Ruwa dai ba ya yi: yana narkar da fuskar fondan, wato ƙullin sukarin da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, ya yi danƙo, gwal ɗin ya fito da zane-zane. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ta busasshiyar hoda. A bar fondan ya kwana ya sha iska, a shafa masa farin man nan mai daskarewa da ake murza fondan da shi, shafawa ɗaya siririya, a share abin da ya yi yawa da tishu, sannan a bi da hodar da babban buroshi mai laushi ana zagayawa. Don rubutu da ƙananan zane, a narkar da man koko a dama hodar da shi, rubu'in ƙaramin cokali na hoda, a fara da ɗigo biyar ko shida, ana ƙarawa ɗaya-ɗaya har ta yi kaurin madarar gwangwani. Idan ta yi ruwa za a riƙa hango farin ƙasa, idan ta yi kauri za ta dunƙule a bakin buroshi. Sai dai man koko yana narkewa a wajen digiri 34, zafin Afrilu a Katsina da Daura kuwa yana haura 40, don haka kek ɗin bazara sai a mota mai sanyi. Man gyaɗa ko na salak yana dama hodar, amma ba ya bushewa, duk yatsan da ya taɓa sai ya kwashe.

Abin da ke raba aikin gwana da na 'yar koyo shi ne launin ƙasa. Gwal a kan farin fondan fari-fari yake fitowa, komai yawan shafi. A rina fondan ɗin rawaya da ɗan ɗigon ruwan ƙasa tun wajen murzawa, sai shafi biyu marasa kauri su wadatar, a bar na farko ya kama kafin a yi na biyu. Gwal mai zubowa a gefen kek kuwa farin cakulan ne, awo uku da kirim awo ɗaya. A zuba shi, a sa a firij ya daskare sosai, sannan a bi kowane zubi da ƙaramin buroshi. Kada a zuba hodar a cikin cakulan ɗin ko cikin ayisin, ƙyallin mutuwa yake yi, ya koma ruwan ƙasa, an yi asarar hoda a banza. A kan ayisin ɗin bota sai kek ya yi minti 20 zuwa 30 a firij ya yi tauri kafin buroshi ya taɓa shi.

Fallen zinare shi kuma iska ce abokiyar gabarsa. A kashe fanka, a rufe taga, musamman da hunturu, kada ma a yi numfashi a kansa. Ba a taɓa shi da yatsa, da hantsaki ko busasshen buroshi ake ɗauka. A ɗan jiƙa wurin da za a manna da buroshi mai laima kaɗan, a jira ya yi danƙo, a ɗora, a danna a hankali ta bayan takardarsa. Da damina kuwa, kek da aka fito da shi daga firij yakan yi gumi, sai an bari gumin ya bushe, in ba haka ba fallen zai yamutse ya zame. Ni dai 'yan gutsattsari a gefe ɗaya sun fi mini kyau a kan kek ɗin da aka yi wa wanka da gwal, kuma falle biyu sun isa.

Hodar ado da fallen tagulla suna da wurinsu: hawan bogi na soso da ake ƙara wa kek ɗin dina tsayi, da faifan da kek yake zaune a kai, da furanni da haruffan suna da za a cire. Sharaɗin shi ne kada su taɓa abin da za a ci, a raba musu buroshinsu daban, kuma mai kek ta nuna wa uwar biki da mai yanka ainihin abin da za a ɗebe kafin wuƙa ta shiga.