Zambon "tuwona maina" a siyasar Sakkwato

"Tuwona maina" laƙabi ne da ya dace da zambon siyasa da ake yi wa mai riƙe da muƙamin gwamnati wanda kuma shi ne ke tara wa jam'iyyarsa kuɗi. Ana yin sa da waƙa, da habaici, da kwaikwayo irin na 'yan kama. Jigonsa guda ne: hannun da ke sa hannu a kan kwangila bai kamata ya zama shi ne ke miƙa ƙoƙon gidauniya ga ɗan kwangila ba.

Sukar tana da tushe mai zurfi a Sakkwato. A cikin Kitab al-Farq, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwa, wato kyautar da ake kai wa mai mulki, cikin ɗabi'un sarakunan da ya soka. Shi ya sa Basakkwace ba ya jin maganar a matsayin baƙuwa. Da siyasar jam'iyyu ta zo, jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta riƙa sukar NPC, jam'iyya mai mulkin Arewa, da waƙa kan yadda ta jingina da En'e, har talaka ya kasa gane inda hukuma ta tsaya da inda jam'iyya ta soma. A Kudu ma an ga irin haka: Hukumar bincike ta Coker ta 1962 ta gano kuɗin hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Yamma sun bi ta wani kamfani zuwa jam'iyyar Action Group.

Kwaikwayon shi ne ya fi shiga rai. A majalisar mai shayi, ko a bakin Tsohuwar Kasuwa, mai barkwanci zai karkace hula ya zama kwamishina, ya ba da aikin hanya. Sai ya juya hular ya zama ma'ajin jam'iyya, ya tari ɗan kwangilar tun bai kai ƙofa ba. Daga nan ya zaro takarda daga aljihun dama, ya mayar a na hagu, yana yi wa kansa godiya. Ba a kiran suna, kuma ba a buƙata. Wani daga gefe zai ce an ba kura ajiyar nama.

Doka ba ta yi shiru ba. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati jefa kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa, sashe na 225 kuma ya wajabta wa jam'iyyu bayyana wa INEC tushen kuɗinsu. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade, a lokacin, naira biliyan 1 a matsayin iyakar kuɗin da ɗan takarar gwamna zai kashe, da miliyan 50 a matsayin iyakar gudummawar mutum ɗaya ga ɗan takara. Matsalar ita ce kuɗin da aka miƙa hannu da hannu cikin dare ba su barin rasit, kuma wannan giɓin ne zambo ke cikewa.

Raunin wannan fasaha a fili yake, kuma abin takaici ne. Mawaƙan siyasa da sojojin baka da yawa daga aljihun jam'iyya suke ci, don haka zambonsu kan faɗa kan abokan hamayya kaɗai, ya tsallake ubangida. Saboda haka masu sauraro kan fara tambayar wa ya ɗauki nauyin waƙar kafin su tura ta a WhatsApp.