Mutuwar aure a Indiya

Indiya na cikin ƙasashen da saki ya fi ƙaranci a duniya. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta samu kimanin mutum miliyan 1.36 da aurensu ya mutu ta hanyar saki, a ƙasar da yawan al'ummarta ya haura biliyan 1.2 a lokacin. Sai dai ƙidayar ta kuma nuna cewa waɗanda suka rabu ba tare da saki ba sun kusa ninka wannan adadi sau uku. Akasarinsu mata ne da miji ya juya wa baya, ko suka koma gidan iyaye, igiyar aure kuma tana nan a kansu. Saboda haka ƙarancin saki a takarda ba ya nufin zaman lafiya a gidaje.

Dalilan ƙarancin saki

Yawancin auren Indiya na haɗi ne. Iyaye ke zaɓe, suna duba addini da asali da ajin da aka haifi mutum a cikinsa, kuma auren da ke tsallake aji bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ba. Idan irin wannan aure ya mutu, dangi biyu ne suka ɓata. A al'adar Hindu aure alkawari ne mai tsarki, kuma a yawancin ƙasar manyan azuzuwa ba su san saki ba kafin dokar auren Hindu ta 1955, ko da yake ƙananan azuzuwa da wasu ƙabilu sun daɗe da hanyoyinsu na rabuwa.

Akwai kuma batun dukiya. Iyayen amarya ne ke kai kuɗi da zinariya da kaya gidan ango. An haramta wannan tun 1961, amma har yau ana yi. Uban da ya ci bashi ya aurar da 'yarsa ba ya son ganin ta dawo, sai ya ce ta yi haƙuri. Bazawara kan sha wuyar samun wani miji, namiji kuwa nan da nan yake sake aure, shi ya sa ƙidayar ta samu zawarawa mata fiye da maza. Jinkirin shari'a ma na kashe gwiwa, domin ƙarar da ɗaya ya ƙi amincewa kan ɗauki shekaru.

Abin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Mizoram da ke arewa maso gabas, inda Kirista suka fi yawa, ita ce kan gaba a yawan saki. Bihar, Uttar Pradesh, Haryana da Rajasthan, inda ikon maza ya fi tsanani, suna can ƙasa.

Dokoki

A yawancin jihohin Indiya, kowane addini da dokarsa. Dokar auren Hindu ta 1955 ta shafi har mabiya Sikh, Jain da Buddha. Kirista na bin dokar 1869, Parsi (mabiya addinin Zoroaster) kuma ta 1936. Dokar 1939 ta ba mace Musulma damar neman kotu ta raba aurenta. Masu aure tsakanin addinai kan bi dokar aure ta musamman ta 1954. A 1976 aka shigar da rabuwa bisa yardar juna cikin dokar Hindu, da sharaɗin ma'auratan sun yi shekara ɗaya ba sa tare, sannan su jira wata shida. A 2017 Kotun Ƙoli ta ce ana iya ɗage wannan jira, a 2023 kuma ta ce tana da ikon raba auren da ya lalace ba gyara.

Shari'o'in mata Musulmi ne suka fi tayar da ƙura. A 1985 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsohon mijin Shah Bano, wata dattijuwa daga Indore, ya ci gaba da ciyar da ita bayan idda. Malamai da dama suka ƙi, gwamnatin Rajiv Gandhi ta yi doka a 1986 da ta rage ƙarfin hukuncin. A watan Agusta 2017, a ƙarar Shayara Bano, alƙalai uku cikin biyar suka soke saki uku a kalma ɗaya. Dokar 2019 ta mai da shi laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara uku. Masu suka na tambayar wa zai ciyar da matar idan mijin yana kurkuku, tambayar kuma tana da nauyi.

Sauyin tunani

Sauyin ya fi bayyana a manyan birane irin su Mumbai, Delhi da Bengaluru, inda kotunan iyali da aka kafa bisa dokar 1984 ke cika da ƙararraki. Mata masu ilimi da albashi ba sa jure abin da iyayensu mata suka jure, kuma gyaran dokar gado na 2005 ya ba 'ya'ya mata na Hindu haƙƙi daidai da na maza a dukiyar kakanni. Auren wuri ma ya ragu. A binciken lafiyar iyali na 2005 zuwa 2006, kusan kashi 47 cikin ɗari na mata 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18. A binciken 2019 zuwa 2021 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 23.

Auren haɗin bai gushe ba, salo ya sauya. Yanzu ana neman miji ko mata a shafukan intanet irin su Shaadi.com, saurayi da budurwa su gana, kowa kuma na iya cewa a'a. A watan Janairu 2025 jihar Uttarakhand ta fara aiki da dokar aure da saki ta bai-ɗaya ga dukkan addinai, har ta wajabta wa masu zama tare ba aure su yi rajista da hukuma.