Ecstasy ba ƙwayar sa barci ba ce, barcin ma take hanawa

Tun da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, ta fara ambaton "ecstasy" da "molly" (sunaye biyu na ƙwaya ɗaya) cikin kayan da take kamawa a Legas, sunan ya shiga bakin masu sharhi a rediyo. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake zuba ta a kwando ɗaya da kodin da diazepam, wai ƙwaya ce mai bugar da yaro ya zube yana gyangyaɗi. Ba haka ba ne wallahi.

Sunanta na asali MDMA, kamfanin Merck na Jamus ne ya fara haɗa ta a 1912, Amurka ta haramta ta a 1985. Dangin amfetamin ce, ɗaga mutum take yi. Takan sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin serotonin da yawa lokaci guda, mutum ya yi awa 3 zuwa 6 yana jin kowa masoyinsa ne, yana tiƙar rawa ba gajiya. To shi serotonin ɗin nan yana da hannu a tsarin barci, daga shi ma jiki ke yin melatonin, sinadarin da ke gaya wa jiki dare ya yi.

Shi ya sa wanda ya sha zai dawo gida da asuba a gajiye liƙis, ya kwanta amma ido ƙyam, muƙamuƙi a ɗaure yana ta cizon haƙora, zuciya na dukan uku-uku, zufa ta jiƙa matashin kai. Kuma ba a daren ake gamawa ba fa, kwana biyu uku bayan nan barcin a gutsure yake zuwa, ga munanan mafarkai, ga ƙuncin rai da saurin fushi. Binciken da aka yi a jami'ar Johns Hopkins a 2009 ya nuna ɗaukewar numfashi cikin barci ta fi yawa ga masu shan ta, ko da sun jima ba su sha ba.

Abin da ya fi tsorata ni, in barcin ya ƙi zuwa sai wasu su bi ta da diazepam ko giya don su samu su rintsa, ƙwaya kan ƙwaya. Iyayen da aka koya wa cewa ɗan ƙwaya shi ne mai layi da gyangyaɗi kuwa, ɗansu zai kwana uku yana zagaye ɗaki da waya a hannu, su ce ai chatin ne ya hana shi barci.