Idan tankin mai ya lotsa, yaushe abin yake zama haɗari?

Duk wanda ya taɓa bi ta wajen matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ya ga jibga-jibgan tankunan nan. Kaɗan ne ke tunanin ƙasar da ke ɗauke da su.

Wai da gaske tanki yana nutsewa?

Ƙwarai kuwa. Ruwa mai zurfin mita 10 yana ɗora nauyin tan 10 a kan kowace murabba'in mita. Dole ƙasa ta matse. Shi ya sa sabon tanki sai an cika shi da ruwa daki-daki ana aunawa kafin a zuba masa mai, tunda ruwa ya fi fetur nauyi.

To kowace lotsawa matsala ce?

A'a, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. In tanki ya sauka bai ɗaya, jikinsa ba ya wahala, sai dai a kula da bututan da ke haɗe da shi kada su tsage. In ya karkata gefe guda kamar faranti, da sauran sauƙi muddin bai yi yawa ba. Wadda ke tayar min da hankali ita ce lotsawar da ba ta daidaita ba: nan ya sauka, can ya tsaya. Bango ya murɗe, bakin tanki ya daina zama da'ira, rufin da ke yawo a kan mai ya maƙale, waldar da ta haɗa bango da gindi ta ɗauki nauyin da ba nata ba.

Ta yaya ake aunawa?

Ƙa'idar API 653 ta Amurka, wadda ake bi wajen duba tankunan mai, ta ce a auna aƙalla wurare 8 a kewayen tanki, tazararsu kada ta wuce ƙafa 32, kusan mita 10. Injiniya zai cire karkatar daga lissafin awon, ya duba lotsawar da ta rage. Iyakar da aka yarda da ita ta danganta da tsayin tankin da ƙarfin ƙarfensa, don haka babu lamba ɗaya ga kowane tanki.

Me ya kamata a fi lura da shi a Kaduna?

Ruwan damina. Jar ƙasarmu tana da ƙarfi da rani, amma in ruwan marka ya kwanta a gindin tanki a watan Agusta, sai ta yi laushi ta zaizaye. A gyara magudana, a kuma adana awon farko, domin da shi ne za a gane ko lotsawar ta tsaya ko tana ci gaba.